RA'AYINMU: A yi lissafi kafin a tura yaro aikin kamfanin fim

Sanin kowa ne cewa ƙasar Kurfai ƙasa ce ta 'yan cin rani tun kaka da kakanni. Da zarar an kammala girbi an zuba gero a rumbu, sai samarin Filinge da Shikal da Bankuku da Tukunus su ɗaure kayansu su nufi Yamai, wasu su zarce Kano ko Legas ko Kwatano, wasu har Kumasi da Abijan, su yi dako ko talla ko gadi, su dawo da ɗan abin da Allah ya hore kafin saukar ruwan fari. A 'yan shekarun nan kuwa an sami wata sabuwar ƙofa da yaranmu, musamman waɗanda suka ɗan taɓa karatun boko, suke rububin shiga, wato aiki a kamfanonin da ke haɗa fasahar zamani da nishaɗi. A cikinsu akwai gidajen talabijin masu zaman kansu da ɗakunan haɗa fim da waƙa da kamfanonin tauraron ɗan'adam da masu zuba shirye-shirye a intanet. Yaro ya gama lakwal ko ya bari a hanya, sai ka ji ya ce shi ba zai zauna a butiki ba, zai tafi ya koyi ɗaukar hoto ko tace fim a kwamfuta.

Wannan magana ta shafi masu karatunmu kai tsaye, domin kuɗin mota da na haya da na sayen waya mai tsada ba daga ko'ina suke fitowa ba illa daga ƙugun uwa mai sayar da cuku ko ƙuli-ƙuli, ko daga aljihun uba mai awon hatsi. Sau da yawa adashin da aka shekara ana zubawa ne ake kwasa, ko kuma a kora akuya zuwa kasuwar Balayara ranar Lahadi. Don haka muka ga ya dace mu auna wannan aiki a ma'auni irin na 'yan kasuwa, mu duba ribarsa mu duba faɗuwarsa, mu kuma faɗi matsayinmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Da farko dai ba za mu ƙi gaskiya ba, sana'ar tana da alheri. Idan ba a manta ba, a shekarar 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar fina-finan Hausa. Daga wancan ɗan ƙaramin mafari aka wayi gari dubban mutane na cin abinci a harkar, kama daga marubuta da masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti, har zuwa direbobi da masu dafa wa 'yan wasa abinci. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24, wadda shirye-shiryenta irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka shiga gidajen Hausawa daga Kano har Agadas. A nan gida ma, tun daga shekarar 2000 da aka fara samun talabijin masu zaman kansu irin su Ténéré, daga baya Dounia da Bonferey da sauransu suka biyo, aka sami guraben aikin da iyayenmu ba su taɓa mafarkinsu ba. Duk wanda ya ce wannan ba aiki ba ne, wasa ne kawai, to bai yi wa masu yinsa adalci ba.

Babbar ribar da muke gani ita ce ilimin hannu. Yaron da ya shekara biyu ko uku a ɗakin haɗa fim yana fitowa ya san sarrafa kwamfuta, ya san haske da sauti, ya san yadda ake cika alkawarin lokaci. Wannan ilimi ba ya ruɓewa kamar tumatir, kuma ba a ƙwace shi a shingen hanya. Idan ya dawo Filinge zai iya ɗaukar bikin aure da suna da naɗin sarauta, zai iya kafa wa mutane faranti da saita tashoshi, zai iya shirya wa 'yar kasuwa ɗan hoton tallar atamfarta ta tura a WhatsApp ga masu saye a Abala ko Yamai. A yankin da matsalar tsaro ta rage zirga-zirgar kasuwanni, har ta kai ga hukuma ta hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tilaberi a farkon 2020, sana'ar da mutum zai yi yana zaune wuri guda ba abin rainawa ba ce.

Riba ta biyu ita ce albashin wata, ga wanda ya dace da kamfanin kirki. Manomi na jiran damina, ɗan kasuwa na jiran ranar kasuwa, shi kuwa ma'aikaci ya san ranar da kuɗinsa za su shigo, ya je Nita ko Al Izza ya aika wa gida. Uwar da ta san cewa kowane ƙarshen wata akwai jika goma ko ashirin da za su iso ta fi samun natsuwar ƙara jari da ɗaukar bashin kaya. Bugu da ƙari, akwai buɗewar ido da sanin mutane, domin yaron da ya yi aiki da ƙwararru daga wurare daban-daban ba zai dawo da tunanin da ya tafi da shi ba.

To amma Hausawa na cewa zuma da zaƙi da harbi. Irin waɗannan kamfanoni, manyansu da ƙananansu, halinsu ɗaya ne wajen matsa wa ma'aikaci. Dalili kuwa a fili yake. Mai kallo ba ya jira. Idan an saba masa da ganin sabon kashi na fim kowace Juma'a da ƙarfe takwas na dare, to ko ana ruwa ko ana iska sai kashin ya fito, in ba haka ba ya koma wata tashar. Wannan matsi daga mai kallo yake sauka a kan mai kamfani, daga mai kamfani ya sauka a kan ƙaramin ma'aikacin da zai kwana gaban kwamfuta yana yanka yana haɗawa. Idan wuta ta ɗauke da rana, da dare zai rama. Mun ga yadda lamarin ya kasance daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu aka kuma rufe iyaka. Masu aikin da ya dogara da lantarki sun ɗanɗana kuɗarsu, waɗanda ke kai da kawowa tsakanin Yamai da Kano kuwa hanya ta toshe musu.

Domin masu karatu su gane cewa wannan hali ba na ƙananan ɗakunan haɗa fim na unguwa ba ne kaɗai, bari mu ɗauki misalin Netflix, kamfanin Amurka da aka kafa a 1997, wanda ya fara da aika wa mutane faifan fim ta gidan waya, ya koma nuna fim ta intanet a 2007, ya kuma haura masu biyan kuɗi miliyan 300 a ƙarshen 2024. An san kamfanin da biyan albashi mai tsoka da sakar wa ma'aikaci mara ya yanke shawara da kansa. Amma a 2009 ya wallafa ƙa'idojin aikinsa ga duniya, inda ya bayyana cewa yana ɗaukar kansa kamar ƙungiyar 'yan wasa ta ƙwararru, wadda ke ajiye ɗan wasa muddin yana taka rawar gani. A tsarinsu, shugaba kan tambayi kansa ko zai yi fafutukar riƙe wannan ma'aikaci idan ya ce zai tafi. Idan amsar a'a ce, sai a ba shi kuɗin sallama mai kauri a sallame shi, ko da bai yi laifin komai ba. A 2022, da kamfanin ya yi asarar masu kallo dubu 200 a watanni ukun farko na shekarar, bai yi wata-wata ba ya sallami ma'aikata kimanin 150 a watan Mayu, ya ƙara da wasu 300 a watan Yuni. A watan Janairun 2024 kuma kamfanin Amazon ya dakatar da zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka, ya rage ma'aikatan da ke kula da wannan ɓangare.

Abin lura a nan shi ne, ma'aikacin Amurka ana sallamarsa ne da kuɗin da zai riƙe shi watanni. Namu yaron kuwa, idan babu takarda tsakaninsa da mai gida, da “Allah ya haɗa kowa da rabonsa” ake sallamarsa, ya dawo tashar Filinge da jakar da ya tafi da ita. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita kanta kasuwar ba ta da tabbas. 'Yan kasuwar da suka san Ƙofar Wambai a Kano a shekarun da faifan CD ke tashe sun san irin dukiyar da ta gudana a wurin, sun kuma san yadda cinikin ya mutu murus da wayar hannu ta zo, aka koma tura fim daga kwamfuta zuwa waya a kan kuɗi ƙalilan. Dillalai da masu buga faifai da masu buga hoton bango duk suka rasa abin yi. Daga nan masu shirya fim suka koma YouTube, inda sai tasha ta tara mabiya dubu da awowin kallo dubu huɗu cikin shekara kafin ta fara cin cikakken rabon kuɗin talla, rabon kuma yana hawa yana sauka gwargwadon abin da masu talla suka biya. Ga kuma hannun hukuma. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon tsayar da aiki. A 2007 an dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, haka kuma a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a lokaci guda har sai an kawo mata su ta duba. Duk ranar da aka yi irin wannan, fitaccen ɗan wasa yana da abin da zai ci. Mai riƙe fitila da mai jan waya, waɗanda ake biya kullum-kullum, su ne ke kwana da yunwa.

Akwai kuma illar da ido ba ya gani. A Nairobi ta ƙasar Kenya, sama da ma'aikata 180 da aka ɗauka ta hannun kamfanin Sama don tace abubuwan da mutane ke sakawa a Facebook sun kai ƙara kotu a 2023 bayan an sallame su, cikinsu har da masu tace abin da aka rubuta da Hausa. Sun shaida cewa wuni suke yi suna kallon hotunan kisa da fyaɗe da sauran abubuwan ƙyama domin kada su kai ga idon jama'a, har abin ya taɓa musu ƙwaƙwalwa ya hana su barci. Mun kawo wannan ne domin iyaye su san cewa ba duk aikin da ake yi a ɗaki mai sanyi gaban kwamfuta ne hutu ba. Ko a ɗakin haɗa fim na yau da kullum, rashin barci da ciwon baya da raunin ido suna nan, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wasu matasa kan faɗa shan ƙwayoyi irin su taramol da sunan neman ƙarfin kwana a kan aiki. Wannan ita ce asarar da babu albashin da zai biya ta.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumban 2012, ta ƙayyade awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki, abin da ya haura haka kuwa sai an biya shi daban. Ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki. Mafi ƙarancin albashi kuma, tun daga Janairun 2024, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000. To a ɗauka, a matsayin misali, an yi wa yaro albashin jika 60, kowa a gida yana murna ya fi mafi ƙarancin albashi. Amma yana aikin awa 12 a rana, kwana shida a mako, wato awa 72. A makonni huɗu ya yi awa 288, kowace awa ta tashi a kan sefa 208. Shi kuwa mai jika 42 da ke tashi a kan lokaci, awa 160 ya yi, kowace awarsa ta tashi a kan sefa 262. Ashe wanda ake ganin ya fi samu shi ne ya sayar da ƙarfinsa da araha. A cire kuɗin haya a Yamai da na abinci da na mota, sai a ga abin da ya rage bai kai ribar da zai samu a butikin mahaifinsa ba. Babu 'yar kasuwar da za ta yarda ta sayar da tiya biyu a kuɗin tiya ɗaya don kawai mai sayen ya zo da mota mai ƙyalli.

Wani abin takaici shi ne yadda ake fakewa da sunan koyon aiki. Za a ɗauki yaro a ce masa ɗan koyo ne, ya shekara ɗaya, ya shekara biyu, yana yin aikin da cikakken ma'aikaci ke yi, ana sallamarsa da kuɗin taksi da alkawarin gobe. Mu 'yan kasuwa mun san tsarin yaron shago, mun san cewa idan yaro ya yi wa ubangidansa hidima na wasu shekaru, a ƙarshe akan yaye shi a ba shi jari a gaban shaidu. Koyon da ba shi da ranar yaye bauta ce, ko da an yi ta da kwamfuta.

A namu ra'ayin, hana yara shiga wannan sana'a ba shi ne mafita ba, domin idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma ƙasar Kurfai ba za ta iya riƙe duk 'ya'yanta a gona da kasuwa ba. Abin da muke cewa shi ne a shiga da ido a buɗe. Muna kira ga iyaye, musamman iyayenmu mata da su ne suka fi ɗaukar nauyin tafiyar, da kada su taɓa uwar kuɗi. A ba yaro daga riba, a kuma yanka masa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, a zauna a duba abin da ya koya da abin da ya tara. Kafin ya tafi a san sunan kamfanin da unguwar da yake, a sa wani ɗan'uwa da ke Yamai ko Kano, wanda tafiyar kilomita 180 daga Filinge zuwa babban birni ba ta raba mu da shi ba, ya je ya ga wurin da idonsa, ya ga mai gidan. A tambaya a fili: nawa ne albashi, yaushe ake biya, awa nawa ake aiki, wa zai biya magani idan na'ura ta faɗo wa yaro ko wuta ta ja shi? A nemi kwantiragi a rubuce, a nemi a yi masa rajista a asusun CNSS, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki da kuɗin iyali da fansho. Mai gidan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Idan kuwa 'ya mace ce, domin su ma suna shiga harkar a matsayin masu gabatar da shiri da masu kwalliya da masu tace hoto, to a ƙara da sanin inda za ta kwana da wanda zai tsaya mata, da kuma lokacin da ake tashi daga aiki. Kamfanin da ke mutunta kansa ba zai ƙi ya gana da waliyyinta ba.

Su ma matasan muna jan hankalinsu da su sani cewa fuskar da ake gani a allo ɗaya ce cikin ɗari, sauran duk a bayan fage suke. Wanda ya tafi neman suna yakan dawo hannu rabbana, wanda ya tafi neman sana'a shi ke dawowa da abin yi. A koyi gyaran na'ura tare da sarrafa ta, a riƙa ajiye wani abu kowane wata da niyyar mallakar kayan aiki na kai, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kada kuma a yanke zumunci da gona da kasuwa, saboda ranar da kamfani ya rufe ƙofa, su ne za su karɓe ka ba tare da sun tambaye ka takarda ba.

Ga masu kamfanoni, mun san ku ma kuna fama da tsadar man janareta da ƙarancin talla da satar fasaha. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci gumin yaro ya biya shi a kan lokaci, ya ba shi hutunsa, ya sa sunansa a jerin waɗanda suka yi aikin, domin wannan suna shi ne shaidar da zai nuna a gaba. Muna kuma kira ga jami'an sa ido na ma'aikatar ƙwadago da hukumar ANPE da su riƙa leƙa waɗannan wurare kamar yadda suke leƙa manyan masana'antu, su duba takardun ma'aikata da lokutan aikinsu. Haka nan cibiyar fina-finai ta ƙasa da ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA suna da rawar da za su taka wajen ganin mai aiki ya ci moriyar aikinsa. Hukumomin gundumar Filinge da na Kurfai ta Tsakiya da Imanan da Tondikandiya kuwa, idan suka sa koyar da kwamfuta da gyaran waya da haɗa wutar hasken rana cikin cibiyoyin koyon sana'a na yankin, yaro zai isa birni da abin hannunsa, ba zai yarda a ajiye shi shekara biyu yana share ɗaki da sunan koyo ba.

Daga ƙarshe akwai ɗan laifin da ya rataya a wuyan masu kallo baki ɗaya. Duk lokacin da aka miƙa waya a rumfar masu tura fim aka cika ta da fina-finai a kan dala ashirin ko talatin, alhali ko tamma ba ta isa ga waɗanda suka shirya su ba, to albashin wani yaro ne aka rage, kuma mai yiwuwa ɗan maƙwabciyarki ne a layin masu sayar da kayan miya. Masu waɗannan rumfuna su ma 'ya'yanmu ne masu neman halaliyarsu, don haka gyaran da muke nema shi ne a samar da tsarin da za su riƙa biyan wani kaso ga masu fim, kowa ya samu. Idan kasuwar ta gyaru, mai kamfani ba zai sami hujjar cewa babu kuɗi ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suka tafi neman abinci, ya haɗa su da iyayen gida na gari, ya kuma ba ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya zaman lafiya da damina mai albarka.